Awa Uku Zuwa, Awa Bakwai Komawa

Assalamu alaikum. Kafin komai ina neman afuwar manyan marubutan da ke wannan dandali, waɗanda na shekara uku ina karanta labaransu ban taɓa cewa uffan ba. Ni ba marubuciya ba ce. Sau huɗu ina fara wannan shafi ina gogewa. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri. Abin ne ya cika mini ciki, a gidanmu kuwa babu wanda zan zauna in faɗa wa.

Sunana Barira. Ƙauyenmu yana gefen Kunci, ba zan faɗi sunansa ba, don gida talatin ne duka-duka, kowa ya san abin da maƙwabcinsa ya dafa. Gona kuwa har jikin katanga take zuwa, in dawa ta yi tsayi sai mutum ya zo ƙofar gidanmu kafin ya san da gida a wurin. Na gama sakandare, ci gaba bai samu ba. Kun dai san yadda shekarun nan suka zo mana. Taki ya gagari manomi, mai ya gagari mai babur, gidan da ake ɗora tukunya sau uku ya koma biyu. Abin da ya rage mini na makaranta shi ne 'yan littattafai da wani tsohon littafin taswirar duniya mai jan bango, wanda malaminmu ya bar mini da aka canza masa wurin aiki. A gida Malama ake ce mini, kuma ba yabo ba ne.

Ni 'yar fari ce. Ku 'yan birni wataƙila abin ya fara barinku, mu a nan yana nan daram. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni, “ke” take cewa, in ta ji daɗi ta ce “yarinyar nan”. Baba ma haka. Ko zazzaɓi nake yi Inna ba za ta tambaye ni jiki a gaban mutane ba, sai dai in tarar da kunu a rufe a gefen katifata. Saboda wannan kunyar, maganar aurena ba ta hannunsu. Tana hannun Baffa Nababa, yayan Baba, falken shanu ne da yake lodin tirela zuwa Legas. Abin da ya yanke shi ne yankakke, iyayena ko gyaran murya ba za su yi ba.

Abdussalam kuma ɗan mahauta ne daga Zakirai. A kasuwar Kunci muka haɗu, yana biyo mahaifinsa sayen raguna, ni ina zaune gaban tiren ƙuli-ƙulin Inna da kwalaben man gyaɗa, littafin taswira a kan cinyata. Mako uku a jere yana sayen ƙuli. Sai daga baya ya gaya mini haƙorinsa na ciwo, ko guda bai taɓa tauna ba, yaran mota yake raba wa. A mako na huɗu ya tsuguna ya ce in nuna masa Zakirai a cikin littafin. Na ce babu ita. Ya ce to Kunci fa. Na ce ita ma babu. Ya ce ashe daidai muke, ba mai yi wa wani gori.

Ba a rufa wata shida ba manyansa suka zo gaisuwa. Suka kawo goro da alewa da dabino aka raba wa dangi, da wani ƙaramin akwati ruwan bula. A ciki akwai atamfa turmi uku, mayafi ruwan zuma mai duwatsu a baki, takalmi, kwalbar turare da zobe na azurfa. Inna ta ɗora shi a saman jeren kwanukanta ta lulluɓe da tsohon zani. Ban ɗinka ko turmi ɗaya ba, sai dai in ba kowa in buɗe in shaƙi ƙanshin in rufe.

Daga nan kasuwar nama ta mutu. Wanda bai samu na masara ba ina zai tuna da tsoka? Abdussalam ya samu aiki a wani shagon nama a Jidda, ya tafi da alƙawarin zai zo a sa rana da ƙaramar Salla. Maigidansa ya hana shi hutu. Abdussalam ya ce to da babbar Salla. Ni kaina na san wannan kuskure ne, wane mai shagon nama ne zai saki mahaucinsa a lokacin layya? Sau biyu ke nan Baffa yana sa a share zaure, a shimfiɗa tabarmi, baƙi ba su zo ba. A karo na biyun har ɗan akuya ya yanka. Daga ranar ya daina kiran sunansa, sai dai “mutumin Jidda”. Ya kuma aiko wa Baba cewa in aka gama cirar gyaɗa bai ga shaidar zuwan yaron nan a takarda ba, zai mayar musu da akwatinsu.

Ranar Talata ina tsintar wake a tsakar gida wayata ta yi ƙara, Abdussalam ne.

“Malamata, duba abin da na turo.”

Hoto ne, sai juyawa yake ya ƙi buɗewa. Na haura kan turmi na ɗaga wayar sama, don a gidanmu nan ne kaɗai sabis yake zama. Can dai ya buɗe. Tikiti ne. Sunansa, Jidda zuwa Kano, ranar Asabar.

“Da gaske ko wasa?”

“Na taɓa yi miki wasa da kuɗin jirgi? Awa biyar ce tsakanina da ke. Kafin ki gama wankin Asabar na sauka.”

“Ba na wanki ran Asabar.”

“To ki fara, don lissafina ya fita.”

Ya kuma turo saƙon murya na gaisuwa ga Baffa, a ciki yana cewa tafiyar awa biyar ce, in sha Allahu da la'asar ɗin Asabar yana gabansa. Ni kuwa na shige ɗaki na ɗauko littafina da zaren ɗinkin Inna. Na ɗora bakin zaren a kan Kano, na ja shi ta kan Chadi, ta kan Sudan, na tsallaka da shi Bahar Maliya, na danne a kan Jidda. Na auna a ma'aunin da ke ƙasan shafin, kilomita dubu uku da ɗari huɗu da 'yan kai. Duk wannan nisan bai kai tsawon tafin hannuna ba. Kada ku yi mini dariya, sai da na naɗe zaren nan na ƙulle a bakin zanina.

Baffa bai yarda da abin da ke cikin waya ba, shi takarda ya sani. Don haka ranar Laraba na je Kunci aka buga mini tikitin a wani shagon kwamfuta. Na ba Inna, ta karɓa ba ta dube ni ba, ta ajiye a kan buzun sallar Baba.

Ranar Alhamis bayan la'asar suka zauna a zaure, Baffa da Baba da maƙwabcinmu Alhaji Sammani, dattijon da shi kaɗai ne ya taɓa zuwa Makka a ƙauyenmu. Aka ce in kai musu fura. Na zura hijabina mai ruwan toka, na kai, na durƙusa na gaishe su, na fito. Amma ban wuce bayan ƙyaure ba. Ku gafarce ni, ko ku ne ba za ku wuce ba.

Na ji ƙarar buɗe takarda. Baffa ba ya karanta Turanci, amma lamba ba ta ɓoye masa, shekarunsa nawa yana duba takardun lodi. Can na ji muryarsa.

“Sabo, matso ka ga ikon Allah. Ya taso tara da rabi, ya sauka Kano sha biyu da rabi. Awa nawa ke nan?”

Baba ya ce uku.

“To ga komawa. Ya tashi Kano ƙarfe biyu, ya sauka can ƙarfe tara. Lissafa mini.”

Baba ya ɗan jima, sannan ya ce bakwai.

“Shi kuma da bakinsa ya ce mana biyar. Uku, biyar, bakwai. Wanne za mu ɗauka? Shekara ashirin da shida ina kai shanu Legas, ban taɓa ganin hanyar da komawa ya ninka zuwa har da ɗori ba. Ko tirela mai kaya da marar kaya ba su bambanta haka. Ko Jiddar a kan tsauni take, gangarowa ake yi?”

Ya juya ga Alhaji Sammani ya ce shi da ya je ya raba gardama. Alhaji ya kurɓi fura, ya ce shi dai a zamaninsu kwana huɗu suka yi a sansanin alhazai kafin jirgi ya zo, da ya shiga kuwa barci ya kwashe shi, bai farka ba sai da aka taɓa shi aka ce an iso. Agogo kuma bai taɓa ɗaurawa ba, in ya ji kiran salla ya tashi. In don ta shi ne a rubuta kwana huɗu.

Sai Baffa ya juya takardar. Shi kuwa mai shagon a bayan tsohuwar takardar tallarsa ya buga mini, ga sunan shagon ga Kunci ɓaro-ɓaro. Baffa ya yi wata 'yar dariya ya ce ashe ma tikitin Jiddar a Kunci ake yin sa. Ya ce yaran yanzu ba abin da ba sa haɗawa a kwamfuta, amma wanda ya haɗa wannan ko lissafi bai iya ba. Ya ce an mayar da shi abin wasa sau biyu, ba za a yi na uku ba.

Jama'a, ni ce fa wadda in malami ya kira sunana a aji sai muryata ta maƙale. Ban san lokacin da na tura ƙyauren ba.

“Baffa, agogonsu ne ba ɗaya da namu ba.”

Baba ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Yarinya ba ta tsoma baki a zancen aurenta, balle a zaure, balle a gaban baƙo. Na san haka sarai. Amma na riga na fara, gwiwoyina a ƙasa, idona a kan tabarma, na ci gaba. Na ce suna gabanmu da awa biyu. Kowane gari a takardar da agogonsa aka rubuta. In ya taho, a ƙara biyu a kan ukun, in zai koma a cire biyu daga bakwan, duka biyar ne. Na ce ni na kai aka buga takardar, shi a waya ya turo.

“Yanzu haka da muka idar da la'asar, su can an kira magariba.”

Baffa ya leƙa ƙofar zaure. Rana tana nan fayau a kan dawa, ko ja ba ta fara ba.

“Magariba. Da wannan ranar?” Ya dubi Alhaji. “Ka ji kuma. Bayan ƙarya, ashe sallar ma kafin lokaci yake yin ta.”

Alhaji Sammani ya ƙyalƙyale da dariya har fura ta sarƙe shi. Baffa ya ce, Malama, rana guda Allah ya halitta, ba biyu ba.

“Guda ce, Baffa. Amma daga gabas take fitowa, su kuwa a gabas suke. Ai can muke duba in za mu yi salla.”

Dariyar Alhaji ta tsaya. Na ga ya ɗaga kai yana wani tunani, har ya buɗe baki, sai ya dubi fuskar Baffa ya mayar da ludayi bakinsa. Ni a raina na san Baffa ya gane. Mutumin da yake kallon saniya ya faɗi nauyinta ba wannan ne zai gagare shi ba. Amma a lokacin zancen ya tashi daga kan agogo. 'Yar ƙaninsa ta gyara masa magana a gaban maƙwabci.

Baba ya ce, “Ke, shiga gida.”

Ina tafe ina jin Baffa yana cewa ga irin abin da waya da boko suke haifarwa. Ya ce a sauko da akwatin nan a ajiye a zaure. Jibi Asabar da hantsi zai zo ya ɗauka, da kansa zai kai Zakirai. Baba ya yi ƙarfin hali ya ce ko za a bari zuwa azahar, tunda ranar ce aka ce jirgin zai sauka. Ban taɓa jin Baba ya roƙi wani abu a kaina ba sai ranar. Baffa ya ce ya gama jiran mutumin Jidda, ko na minti ɗaya.

Inna da hannunta ta sauko da akwatin. Ta yaye tsohon zanin, ta goge murfin da gefen mayafinta, ta kai zaure ta jingine a lungu bayan buhunan gero. Da ta dawo ta wuce ni ina zaune a bakin rijiya, ta ce wa kajin da ke gabanta, “Mutum dai ya ci abinci.” Da ni take.

Ranar Juma'a na hau turmi na gaya wa Abdussalam komai.

“Ba ni lambar Baffa.”

Na tura. Bayan ɗan lokaci ya dawo.

“Sau shida. Yana ganin lambar waje yake kashewa.”

“Ka gaya wa Babanku ya dakata, ko an kawo kada ya karɓa.”

“Barira, kin san Baba Muntaka. Tun fashin Salla yake jin kunyar mutanenku. Ya rantse in aka dawo masa da kayan nan ƙafarsa ba za ta sake taka Kunci ba, kuma ba zai aiki kowa ba. In na gaya masa ma yanzu, cewa zai yi a bar shi.”

“To ya za mu yi?”

“Ban sani ba wallahi. Da ina da iko da na tura jirgin da hannuna.”

Na daɗe ina kallon saƙon nan. Baffa zai bar gidanmu wajen ƙarfe tara. Ko da tsaye-tsayen hanya, kafin sha biyu ya isa Zakirai. Jirgi kuma sai sha biyu da rabi. Shekara biyu ina jira, a ce rabin awa ce za ta raba mu.

Na kira Gwaggo Asiya, ƙanwar su Baba da ke aure a Kurna, ba nisa da filin jirgi. Ta saurare ni har na gama, ta ce Nababa tun suna yara in ya kafe ko mahaifiyarsu sai ta haƙura. Ta ce ita ba za ta ce mini in yi wani abu ba, kada gobe a ce ita ta zuga ni. Ta dai ce ƙofarta ba a kulle take ba, kuma gobe ɗanwake za ta yi, yakan yi mata yawa.

Na san abin da za a ce. Za a ce 'yar Malam Sabo ta bi namiji Kano. Za a ce boko ya fitar da ita daga hayyacinta. Matan da suke zuwa sayen man gyaɗa za su samu na taunawa har damina ta zagayo. Duk na auna wannan. Amma ni ba gudu zan yi ba, ba kuma wurinsa zan je ba, gidan Gwaggona za ni. Abu ɗaya na sani, ba a mayar da kayan da ba a gani ba. In sha biyu da rabi ta yi bai sauka ba, da kaina zan dawo da akwatin in dire a gaban Baffa, in ce ya yi gaskiya, ya yi mini duk hukuncin da ya ga dama. In kuwa ya sauka, sai Baffa ya dubi idonsa ya gaya masa cewa takardar ƙarya ce.

Asabar da safe Baba ya saɓa fartanya ya tafi cirar gyaɗa tun rana ba ta yi zafi ba. Inna ta zuba gero a turmi a bayan ɗaki ta fara surfe. Wajen bakwai saura saƙo ya shigo.

“Muna layin shiga. Zan kashe waya. Ki yi mini addu'a, Malamata.”

Ban ba shi amsa ba, don in na fara zan gaya masa abin da nake shirin yi, shi kuma zai ce kada in ja wa kaina. Na zauna a bakin katifa ina kallon agogon bangon ɗakin Inna. Da ya nuna bakwai da rabi na ce a raina, tara da rabi ke nan, ya tashi. Daga nan zuwa Kano bai kai kilomita ɗari ba, amma da jiran mota ta cika da tsayawar Bichi, ba mamaki mu isa kusan tare, shi da dubu ukunsa ni da 'yan nawa.

Na ɗaura zanin da nake zuwa kasuwa da shi, mai ganye-ganye da ya koɗe, na sa hijabin toka da silifas. Na ɗauki wani wankakken buhun taki na shiga zaure. Akwatin ya fi yadda nake zato nauyi. Na zura shi a buhun, na ɗaure bakin da igiyar rama, na yi gammo da tsohon ɗankwali na ɗora a ka. Duk wanda ya gan ni zai ce gyaɗa zan kai inji.

Ƙofar gaba tana kallon hanyar da Baffa zai ɓullo, don haka na koma ta tsakar gida. Dole sai na bi ta bayan Inna kafin in kai ƙaramar ƙofar da muke fita gona. Ta ba ni baya, taɓarya tana hawa tana sauka. Na ɗaga ƙafa a hankali, buhun yana ƙara a kaina. Na zare sakatar, na tura ƙofar da gwiwa.

Can wajen masallaci na jiyo ƙarar babur ɗin Baffa tana matsowa. Na faɗa cikin dawa, ta rufe ni har buhun. A bayana taɓaryar Inna ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.